Aikin Ganin Dama Da Aikin Tilas: Magana A Kan Lafiyar Ma'aikaci

Yau za mu ɗan ajiye zancen sauro da ruwan rijiya, mu yi magana a kan aiki, da masu sa aiki, da abin da aiki ke yi wa jikin mai yinsa. Watakila wani da ke zaune bisa benci a ɗakin shan magani, yana jiran a kira shi, ya ce, "Ina ruwan likita da wannan?" Da ruwansa ƙwarai. Sau da yawa mutum ya kan zo da ciwon kai, ko rashin barci, ko faɗuwar gaba, ko hawan jini, in an bi sawun ciwon sai a tarar daga gona ya fito, ko rumfar kasuwa, ko gareji, ko zauren maigida.

Bari mu fara da wurin da kowa ya sani, ko ya ji labarinsa. In ka je Ƙofar Mata a birnin Kano, kusa da Asibitin Murtala, za ka ga karofi. An ce tun shekarar 1498 a ke rini a wurin nan, watau a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda a ke ce wa Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya yi mamakin yadda rinannen tufafin garin ke ƙetare Sahara. Yanzu rinin zamani ya ci kasuwa, ramuka da yawa ba a aiki da su, amma har yau akwai marina a bakin aikinsu.

Tsaya ka dubi marini. Shi ya haɗa baba da toka da katsi da ruwa a cikin rami mai zurfi, ya yi ta motsawa da muciya, ya jira kwana da kwanaki har rini ya nuna. Ba agogo ke gaya masa ya nuna ba, idonsa ne da hancinsa. Sa'an nan ya tsuguna a bakin rami, ya tsoma zane, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Zane ya kan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya juya shuɗi. Haka zai yi ta yi, in ana son shuɗi mai duhu ya kwashe sa'o'i. Daga nan zane ya wuce hannun mabuga, su yi ta dukansa har ya yi ƙyalli.

To, ga abin lura. Ba wanda ke tsaye a kansa da bulala, ba mai ƙirga masa tsomi. In ya so ya rage, mai zane ba zai gane ba sai ran da aka yi wanki. Me ke sa mutumin kirki ya cika tsomin nan, ga rana, ga ciwon baya, ba mai ganinsa? Wannan tambaya ita ce malaman sanin halin ɗan Adam suka daɗe suna bincike a kanta, a masana'antu da ofisoshi da asibitoci.

Abin Da Masu Bincike Suka Gano

A shekarar 1959 wani malami a Amurka, sunansa Frederick Herzberg, ya fitar da sakamakon tambayoyin da shi da abokan aikinsa suka yi wa injiniyoyi da akantoci wajen 200 a birnin Pittsburgh. Sun ce kowa ya faɗi lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa, da lokacin da ransa ya fi ɓaci. Da aka tara amsoshi sai aka ga abin ya rabu gida biyu. In mutum yana ba da labarin ɓacin rai, sai ya ambaci dokokin wurin aiki, da halin shugaba, da albashi, da rashin kyan wurin. In yana ba da labarin jin daɗi kuwa, sai ya ambaci ran da ya gama wani aiki mai wuya, ko aka yaba masa, ko aka danƙa masa amana. Watau gyaran albashi da wurin aiki yana kawar da gunaguni, amma shi kaɗai ba ya sa wa mutum son aikin. Waɗansu malamai sun soki yadda aka yi tambayoyin, sun ce ɗan Adam dama ya saba ɗora nasara a kansa, laifi kuwa a kan wani. Da gaskiyarsu. Duk da haka maganar ta buɗe hanya.

Bayansa wani malami, Edward Deci, ya yi gwaji a 1971. Ya ba ɗalibai wani wasan haɗe-haɗe mai daɗi. Waɗansu ya biya su kuɗi a kan kowane da suka haɗa, waɗansu bai biya su ba. Da aka daina biya, aka bar kowa shi kaɗai a ɗaki, sai waɗanda aka saba biya suka rage taɓa wasan. Kuɗi ya mai da abin marmari ya zama ƙodago. Shi da abokinsa Richard Ryan, a Jami'ar Rochester, suka ci gaba da bincike har suka fitar da littafi a 1985. A ganinsu mutum ya kan yi aiki da ransa in ya ji yana da ta cewa a cikin aikin, in ya ji ya iya kuma yana ƙara iyawa, in kuma ya ji shi ɗan gida ne a cikin abokan aikinsa.

Manomi ba ya bukatar a kai shi Amurka kafin ya gane wannan. Ka tuna da gandu da gayauna. Saurayi ya wuni a gonar gandu ƙarƙashin ubansa, yana noma yana duban rana. Da an tashi sai ya zarce gayaunarsa, wadda shi ya zaɓi abin da zai shuka, shi zai sayar, shi zai yi wa kansa riga. Gajiyar da ya ke kuka da ita ɗazu ina ta tafi? Hannu ɗaya ne, fartanya ɗaya ce, amma je ka duba inda ciyawa ta fi mutuwa. Kakanninmu da suka yanka wa 'ya'yansu gayauna sun san abin da su ke yi. Haka kuma ranar gayya: ga makaɗa suna kiran sunan gwani, ga 'yan'uwa a kunya ɗaya, sai a gama a wuni guda abin da mutum ɗaya zai yi mako yana fama.

A karofi ma haka ya ke. Yaro ya kan fara da ɗebo ruwa da kwasar toka da shanya. In an ga hankalinsa a bar shi ya riƙe muciya, daga baya a ba shi ƙaramin zane ya tsoma. Ran da aka ce masa, "Yau kai za ka duba ko rinin ya nuna," ran nan ya zama mutum. Kowace sana'a a birni tana da shugabanta, ga Sarkin Karofi, ga Sarkin Maƙera, ga Sarkin Fawa, ga Sarkin Aska, kuma a cikin sana'a kowa ya san hannun kowa. Marinin da ya rage tsomi, kafin mai zane ya gane, na kusa da shi ya riga ya gani.

Tun da mun ambaci aska, ga wani labari daga Lusaka, babban birnin Zambiya, wanda aka buga a 2014. Masu bincike sun nemi ɗaruruwan masu aski da masu gyaran gashi su riƙa sayar da kayan kariya daga cutar ƙanjamau a shagunansu. Waɗansu aka ba su riba kaɗan, waɗansu riba mai yawa, waɗansu ba a ba su kome ba. Kashi na huɗu kuwa aka manna musu takarda a bango, in sun sayar a liƙa musu tauraro, kowa ya shigo ya gani. Bayan shekara guda masu tauraro sun sayar da ninki biyu na abin da sauran suka sayar. Yabo a gaban jama'a ya yi abin da riba ba ta yi ba.

A nan sai in ja kunnen masu gida. Kada wani ya ji wannan ya ce ya sami hujja, ya riƙa biyan yaransa da "sannu da aiki." Masu askin nan suna da abin da su ke ci daga askinsu, kayan nan ƙari ne a gefe. Mai jin yunwa ba ya jin kirari. Malamanmu kuma sun sha gaya mana hukuncin wanda ya jinkirta haƙƙin ɗan ƙodago. A fara biya, cikakke, a kan lokaci. Sa'an nan sauran magana ta biyo baya.

Yadda Halin Shugaba Ke Shiga Jinin Na Ƙasa Da Shi

Yanzu mun zo inda likita ya fi damuwa. A shekarar 1985 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 a birnin Landan, ƙarƙashin wani likita mai suna Michael Marmot. Da, mutane suna zato manyan ofis su ne ciwon zuciya zai fi kamawa, don su ke ɗauke da nauyi. Sai aka tarar na ƙasa ya fi kamawa. Da aka ƙara dubawa, a rahoton 1997, sai aka ga waɗanda ba su da ta cewa a aikinsu, sai dai a ce yi kaza, bar kaza, haɗarin kamuwarsu da ciwon zuciya ya kusa ninka na masu ta cewa. Aka cire lissafin shan taba da sauran abubuwan da aka san suna kawo ciwon, bambancin bai tafi ba.

A Stockholm ta ƙasar Suwidin kuma an bi maza ma'aikata fiye da 3,000 har kusan shekara 10. Tun farko an tambaye su halin shugabanninsu: yana bayyana abin da a ke so? Yana sauraro? Yana faɗi in an yi daidai? Rahoton ya fito a 2009. Waɗanda suka yabi shugabanninsu ciwon zuciya bai kama su kamar sauran ba, kuma gwargwadon daɗewar mutum a wuri ɗaya, gwargwadon ƙarfin bambancin.

Ta yaya tsawa ke zama ciwo? Ka tuna ran da ka yi kiciɓis da maciji a kan hanya. Nan da nan gabanka ya faɗi, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, jijiyoyin jini suka tsuke, jini ya hau, don ka sami ƙarfin gudu. Allah ya yi wannan don ɗan lokaci kaɗan. Da maciji ya wuce, jiki ya kwanta. To, yaron da kullum ya ke fitowa aiki bai san ta inda zagi zai zo ba, ko matar da ke aikin gida ƙarƙashin wadda ba a taɓa yi mata daidai, jikinsu kullum a gaban maciji ya ke. Barci ba ya zuwa sosai, abinci ba ya shiga, wani ya koma taba, wani goro ba iyaka. Shekara da shekaru a haka, jijiya ta gaji. Jiki magayi ne.

Saboda haka, kai maigida, ko kai ne mai gandu, ko mai shagon ɗinki, ko mai gareji, ko ke uwargida mai 'yan aiki, abin da a ke nema gare ku ba mai tsada ba ne. In za ka sa aiki, faɗi abin da ka ke so a fili, ka faɗi dalili. Wanda ya iya, ƙyale shi ya bi ta hanyarsa, kada ka tsaya masa a ƙeya. In ya yi kuskure ja shi gefe, kada ka tara masa kasuwa. In kuma ya yi daidai faɗa masa, ka ambaci abin da ya yi, domin "madalla" ta baki kawai ba ta kai "ɗinkin wuyan nan ya zauna" ba. Masu rinin zamani da ke aiki da soda mai cin fata, ku saya wa yaranku safar hannu ta roba. Yaro yana gane matsayinsa wurin maigidansa daga irin waɗannan ƙananan abubuwa.

Ƙarfin Aro

Akwai iyakar abin da jiki ke ɗauka, ko da aikin na ganin dama ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙodago ta Duniya suka ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda tsawon lokacin aiki. Mai yin sa'a 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ɗara na mai sa'a 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Lissafa naka. In kana fita bayan asuba ka dawo bayan isha'i, kwana bakwai a mako, ka wuce nan da nisa. Babban mutum yana bukatar barcin sa'a 7 a ƙalla.

Abin baƙin ciki, samari da yawa sun sami hanyar rufe wa jiki baki. Mai tura baro, da mai sassabe, da ɗan acaba, da lebura, sai su haɗiyi tiramol da safe don kada su ji gajiya. Har akwai masu gona da ke saya wa 'yan ƙodago, wai don aiki ya yi sauri. Wannan mugun ciniki ne. Tiramol maganin ciwo mai tsanani ne, likita ke rubuta shi, mai ƙarfin miligiram 50 ko 100. Na bayan fage ya kan kai 200 ko 225. Ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, yana dai hana ka jin kukan jikinka. Yau ɗaya ta isa, wata mai zuwa sai biyu, daga nan in ba a sha ba jiki ya yi ta ciwo, zufa, rawar jiki, ba barci. Yana kawo faɗuwa da shure-shure kamar farfaɗiya, in ya yi yawa ya tsai da numfashi. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba da umurnin likita ba, kuma a watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

In kai ne abin ya kama, ko ɗanka, kada kunya ta hana ku faɗi. Gaya wa malamin asibiti gaskiyar ƙwaya nawa a rana. Kada kuma wanda ya daɗe yana sha ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. A hankali a ke ragewa, da taimakon ma'aikacin lafiya. In abin ya fi ƙarfin ɗakin shan magani za a ba ku takarda zuwa babban asibiti. A Kano akwai na Dawanau, akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Mutum Ya Zama Maigidan Kansa

Mun ga marini ba shi da mai tsaro. Haka kai ma, da ka fita daga ɗakin shan magani da ƙullin ƙwayoyi a aljihu, ba mai bin ka gida. Maganin tarin fuka wata 6 a ke sha, na hawan jini kullum ne. Kowa ya kan yi niyya, amma niyya ita kaɗai tana da mantuwa. Wani malami Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa mutum ya fi cika niyyarsa in ya ɗaure ta a jikin wani lokaci da wani wuri. An gwada wannan a wani kamfani a Amurka, aka buga a 2011: an aika wa ma'aikata takardar kira zuwa allurar rigakafin mura, waɗansu aka ce su rubuta rana da sa'ar da za su je. Cikin masu rubutawa wajen 37 cikin 100 suka je, cikin sauran wajen 33. Ƙarin ba shi da yawa, amma bai ci ko kwabo ba.

Mu kuwa an riga an kafa mana turaku biyar a kowace rana. Maimakon ka ce, "Zan riƙa shan magani," ka ce, "Da na sallame sallar asuba, kafin in naɗe tabarma, zan sha." Ajiye maganin kusa da tabarmar, inda hannun yara ba ya kai. Maimakon "zan rage aiki," ka ce, "Da an kira azahar zan ajiye fartanya, in sha ruwa, in zauna a inuwa." Ka kuma shirya amsarka tun a gida: "In wane ya miƙo mini ƙwaya, zan ce likita ya hana ni."

Saura mutum ɗaya, shi ne wanda ku ke jira ya kira ku yanzu. Shi ma ma'aikaci ne, watakila shi kaɗai ne a ƙauyen, wani lokaci magani ya ƙare, albashi ya makara. A wani asibiti a Amurka an gwada manna takarda iri biyu a wurin wanke hannu, rahoton ya fito a 2011. Ɗaya tana tuna wa ma'aikaci cewa wanke hannu na kare shi, ɗayar tana tuna masa cewa yana kare marasa lafiya. Ta biyun ce ta sa aka ƙara wanke hannu. Ma'aikacin lafiya ya fi motsawa in ya tuna da wanda ke amfana da shi. Amma ku duba yadda mu ke yi: in yaro ya warke ba mai komowa ya faɗi, sai in ciwo ya ƙi. Watau duk wuni labarin da bai yi daɗi ba kaɗai ya ke ji. Ran kasuwa in kin biyo ta nan, ɗan leƙo da yaron, ki ce, "Malam, ga wanda ka yi wa magani, ya tashi."

Kafin ka bar nan yau, in ka kai shekara 40, ko kana yawan ciwon kai, roƙi a gwada jininka. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa ba ya nuna alama. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, za a ce ka komo a sake gwadawa, ka komo. In an tambaye ka aikinka, kada ka ce "noma" ko "kasuwa" ka yi shiru. Faɗi sa'ar fita da ta dawowa, da yawan barcinka, da abin da ka ke sha don ka jure, da ko kana kwana da ɓacin ran wurin aiki. In kuwa kun ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a nemi mota a kai shi babban asibiti a sa'ar nan.